Tsohon da ya hana ni cin goro a garajinsa

Masu damuna da tambaya a WhatsApp, wai ko da gaske ne a Amurka kowa na kwana da bindiga, ku ƙara haƙuri. Bindigogi kam akwai su, har a manyan kantuna. Amma abin da ya tsaya mini a rai kwanan nan shi ne mutanen da ke narka dalma a garajin gidansu suna zuba ƙwayar harsashi da hannunsu, alhali ga shago nan bakin titi cike da ita.

Kun san aikin taya nake yi a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar muke da yawa. In muka sa wa mota sabuwar taya, akwai ƴan guntayen ƙarfe da ake maƙalawa a bakin janti don kada ƙafar ta riƙa rawa in an taka gudu. Tsofaffin mukan ɓamɓare mu watsa cikin bokiti. To akwai wani dattijo Bature mai farin gemu da kan zo jifa-jifa, ya ajiye wa mai shago kwalin fanke, shi kuma ya nuna masa bokitin. Sai tsohon nan ya durƙusa ƙasa da pinsi yana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ya matsa, in ƙarfen ya lotsa ya jefa dama, in ya ƙi ya jefa hagu. Motar da yake zuwa da ita kuwa, da za a shigo da ita Maradi sai Alhazai sun leƙo daga zaure. Ashe dai ba talauci ke durƙusar da shi ba.

Na ce masa, Baba, me kake nema cikin shara? Ya ce masu lotsawan dalma ne, masu taurin kuwa baƙin ƙarfe ne ko tutiya, ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi. Tun da Kalifoniya ta hana sa na dalma a 2010, wasu jihohi suka bi, kamfanoni suka juya, shi ya sa kowace shekara rabonsa cikin bokitin ƙara raguwa yake. Tutiya kuma abar tsoro ce a wurinsu. Dalma na narkewa a digiri 327, ita sai ta kai 419, saboda haka in wuta ta yi yawa ta narke ta shiga ciki, tukunyar duka ta ɓaci, ƙarfen ya yi gudaji ya ƙi cika mazubi. Da ya ga ina saurare da gaske, sai ya ce in zo gidansa ran Asabar in gani da idona.

Garajin ya fi ɗakin da nake haya tsabta. Ƙofa a wangale, fanka na tura hayaƙi waje. A kan tebur ga tukunyar lantarki mai cin kilo 9, da ɗan famfo a gindinta, da ma'aunin zafi a tsome ciki. A ƙasa ya jera dalmar da ya riga ya tace, wadda ya zuba cikin kasko mai gurabe kamar tandar masa, kowane dunƙule an buga masa alama a bayansa: wannan na taya ne, wannan tsantsa ce, wannan an ƙara mata kuza. Ya barbaɗa garin katako bisa narkakken ƙarfen ya motsa, datti ya taso ya kwashe. Sannan ya ɗauki mazubi, wasu ƙarafa biyu ne masu haɗewa da mariƙin itace, ya kai bakin famfo ya cika, ya ɗan jira saman ya dushe, ya buge murfin da sanda, ya buɗe. Ƙwayoyi shida suka zubo bisa tsumma suna walƙiya. Na farko-farkon duk ya mayar da su tukunya, wai mazubin bai yi zafi ba tukuna, jikinsu ya yi tamoji.

Na ɗauki dunƙulen dalma ina juyawa, ina jin nauyinta. Na ajiye, na sa hannu aljihu na ciro ɓarin goro zan kai baki. Wallahi ban ga lokacin da ya taso ba. Ya kama mini wuyan hannu, ya karɓe goron ya jefa cikin shara, ya nuna mini famfo da sabulu, ya tsaya a kaina har na wanke. Duk wannan a gaban matarsa da ta kawo mana kofi ta ajiye can waje, don ko ruwan sha ba ya shiga garajin. Ni da ke da ƴaƴa masu zuwa lakwal, aka sa ni wankin hannu ana kallo! Goron ma ba na banza ba ne, daga New York wani ɗan uwa ya aiko mini. Sannan ya ƙara mini da tambayar da ta fi riƙon hannun ciwo: ba ƙasarku ba ce dalma ta kashe yara ɗaruruwa? Na ce waccan Nijeriya ce, ni ɗan Nijar ne. Ya ce to da nisa ne? Na yi shiru. Me zan ce masa? Zamfara ce, a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake daka dutsen zinariya cikin gida ƙura na bin yara, aka rasa sama da 400. Daga iyakarmu zuwa can kun san ba wata tafiya ba ce, kuma harshe ɗaya muke yi da iyayen yaran. Har na dawo gida raina a ɓace, kuma har yau in na tuna yadda ya riƙe mini hannu sai na ji wani iri. Mutanen nan ba su iya gaya wa babba magana a sakaye ba.

Duk da haka na zauna na ji abin da ya kai ni, wato dalilin wannan wahala. Amsar farko da kowannensu ke bayarwa ita ce kuɗi. Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, albarushi, ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso wanda kunama ke sara, da ƙwayar da ke fita. Kwanso ana tsince shi a sake cikawa sau da dama. A cikin sauran ukun, ƙwayar ce ta saba cin kuɗi, ita ce kuma mutum ke iya yi da kansa. Kilo ɗaya na dalma na ba da ƙwaya kusan 124 ta ƙaramar bindiga mai mili 9, ko wajen 67 ta babbar da suke kira 45. Mazubi mai gurbi biyu na kamfanin Lee bai kai dalar Amurka 50 ba. In dalmar ta shara ce, lissafi ya fita. Amma matarsa da ta ji yana wannan lissafin dariya ta yi daga bakin ƙofa, ta ce ko sisi bai taɓa ragewa ba, harbin ne kawai ya ninka. Ni ma da na dubi mazubai cike da durowa, na san ita ce mai gaskiya.

Dalili na biyu ya fi kama hankali. Bakin bindigogi ba ɗaya ba ne, ko da lambarsu ɗaya. Yakan tura dalma mai laushi ta cikin bututun, ta fito ya auna, sannan ya yi ƙwayar da ta ɗara faɗin da kashi ɗaya cikin dubu na inci. In ta yi ƙanƙanta wuta na bi ta gefenta, ta bar dalma manne a bututu, saiti ya lalace. Yana da wata tsohuwar bindigar kakansa da aka daɗe da daina yi wa harsashi, in ba shi ya zuba ba sai dai ta zama adon bango. Taurin ƙarfen ma shi ke zaɓa. Bindigar da ake ɗurawa ta baki, irin tamu ta toka, tsantsar dalma take so, kuma a jihar nan akwai kwanakin farautar barewa da aka ware wa masu irinta. Mai gudu sosai kuma sai an haɗa da kuza da antimoni, wani ƙarfe mai ƙara wa dalma tauri. Akwai haɗin da kamfanin Lyman ya yi suna da shi, dalma 90, kuza 5, antimoni 5. Abin da ya riƙa ba ni haushi shi ne awonsu. Mu da aka koya wa giram da milimita, su komai inci ne da laba da wani giren da sai ka tara 7000 kafin ka cika laba guda, kuma in ka ce giram sai su dube ka kamar kai ne baƙauye.

Na uku bai faɗe shi da fari ba, sai da hira ta yi nisa. A 2013, bayan kisan yaran makarantar Sandy Hook, mutane suka ji tsoron za a tsaurara doka suka wawashe shaguna. A 2020 lokacin korona aka sake. Kantoci suka zama wayam, mai kuɗi na riƙe da kuɗinsa babu abin saye. Ya ce tun daga na farkon ya rantse ba zai ƙara tsayawa layi yana roƙon yaron shago ba. A ganina nan zancen yake. Mutum ne da ba ya son rayuwarsa ta rataya ga motar da ke kawo kaya. Sai dai ko shi bai kuɓuta duka ba, don ɗan ƙyastun nan da albarushi dole ya saya, kuma a 2020 ƙyastun ne ya fi komai ɓacewa. Doka ma na matso su. Tun 1991 aka hana harbin agwagwar ruwa da dalma a duk ƙasar, Kalifoniya kuma ta hana farauta da ita gaba ɗaya a 2019. Yawancin abin da yake zubawa takarda yake hudawa a filin koyon harbi, daga baya ya je ya tono shi cikin tudun ƙasar ya sake narkawa.

Kada wani ya ɗauka ina sha'awar a fara wannan a gida. Mai dangi a Gabi ko Madarunfa ko Gidan Runji ya san abin da harsashi ya yi mana, su ma nan labarunsu na yamma ba su da daɗin ji. Littafinsa ne ya tsone mini ido. Wani tsohon littafi mai maiƙo, kowane zubi da kwanan wata, da haɗin ƙarfe, da zafin tukunya, da yadda harbin ya kasance. Ina dubawa ina tuna Kawu, Allah ya jiƙansa, lokacin da yake shiga dajin Baban Rafi. Albarushi da tafin hannu yake aunawa, abin ɗurawa kuwa duk abin da ya samu, guntun ƙusa ko ƙwayar boris ɗin keke. Ƙwarewa kam yana da ita, amma ya tafi da abarsa, ba wanda ya gaji ko layi ɗaya. Ku je wajen masu zubin tukwane a garinmu ku tsaya ku kalla. Da yashi da gawayi da tsofaffin gwangwanaye mutum zai fitar maka da tukunyar da za ta dafa wa gidan biki. Na rantse tsohon nan da duk na'urorinsa ba zai iya ba. Amma ɗan mai zubin in ya samu lakwal kunyar sana'ar uban yake ji, mu kuma mu zo mu taya tukunyar jaka biyar jaka biyu muna masa gatsine. Nan kuwa akwai ƙananan maƙera da za ka aika wa zane ta intanet, su sassaƙa maka mazubi daidai da awon da ka ba su, ɗan aike ya ajiye maka a ƙofa, kuma ba wanda ke ganin mai wannan aikin ƙasa da ma'aikacin banki.

Wani abin kuma ban yi masa hassada ba ko kaɗan. Wuni guda muka yi, ko mutum ɗaya bai yi sallama ba. Abokan sana'arsa duk cikin kwamfuta suke. Na tuna maƙerar unguwarmu da hantsi, mai zuga na zuga, ana shayi, ana musun kokawa, mai fura ta ratso. Ina jin shi ya sa ya gayyaci mai cire taya.

Kafin in tafi na ce masa a shagonmu akwai matattun baturan mota, ko in ajiye masa? Ya ɗaga hannu biyu. Ya ce ba mai hankalin da ke fasa batir a gida, ga ruwan asid, ga ƙura, ga iskar guba da dattinsa ke fitarwa in ya jiƙe. Mutumin da ke durƙusawa cikin shara don guntun dalma, ya ƙi kilo-kilo kyauta. Mu kuwa yara ne ke fasa su da guduma a bakin tasha, su tuttular da ruwan a kwata, su ci ƙosai da hannun. A Dakar, unguwar Thiaroye, wannan sana'ar ta kashe yara 18 a wajejen 2008. Kwallin da muke ranɓaɗa wa jarirai ma ba a bar shi ba. A Boston likitoci sun taɓa samun dalma a jinin wani jariri ɗan ƴan Nijeriya, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Na san Inna za ta ce da shi aka raine mu ga mu nan garau. Ba zan yi musu da ita ta waya ba, sai na zo.

Kai kuma ƙanena, tunda na san kana karantawa, baturan solar nan biyu da suka mutu, waɗanda muka saya lokacin da Nijeriya ta yanke wuta a 2023, kada ka ba yaran da ke yawo da kura suna sayen ƙarfe. Ka mayar wa mai shagon da ya sayar mana ya rage maka kuɗin sababbi. Kafin nan ka ɗauke su daga inda su Nana ke wasa, ka kulle a ɗakin kaya.