Bambar baya da maƙalar ja ga motar fowil: wacce za ka ɗaura, wacce za ka gudu

Duk mai Hilux ko Land Cruiser da ke shiga ƙauyukan Sakkwato da kaya ya san bambar da mota take zuwa da ita daga kamfani ba ta aikin wahala ba ce. Ƙarfenta ba kauri, wata ma rabinta roba ne, an yi ta ne don a taka a hau bodi. Ranar da ka gangara kwazazzabo a hanyar Wurno gindin motar ya daki ƙasa, ko ka tashi jan tankin ruwa ko janareta zuwa gona, ranar za ka fara cigiyar wadda ta fi ta. A nan ne mutane da yawa suke zubar da kuɗinsu, don kasuwar cike take da ƙarafa masu kama da juna a ido, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne.

Ni dai zaɓina ba ɓoyayye ba ne: bambar ƙarfe wadda aka ƙera takanas don samfurin motarka, mai haɗe da bakin maƙala mai kusurwa huɗu, wadda ake ɗaurawa da kusoshi a ramukan da ke jikin shasi, wato ƙarfen da bodin motar yake zaune a kai, tun daga kamfani. Ba walda, ba huda sabon rami. Kafin in zo kanta, bari in sallami sauran.

Mai ƙyallin nan da samari suke so bututu ne siriri, ado ce kawai, ba a ja da ita. Mai hannuwa biyu da ke buɗewa gefe, a rataya safaya taya a ɗaya, jarkoki a ɗaya, irin wadda kamfanin Kaymar na Ostireliya ya yi suna da ita, ta masu keta sahara ce kwana da kwanaki. Ka haɗa ƙarfen da tayar da jarka biyu masu lita 20, ka ɗora wa ƙarshen motarka fiye da kilo 100 tun ba ka sa buhun albasa ko ɗaya ba, ga ƙurar hunturu da ke shiga maɗaurin hannuwan har su fara kuka. Sai maƙalar ja zalla, wadda ake sa wa a ƙarƙashin bambar asali. Idan ta kirki ce tana ja lafiya lau, kuma ta fi sauƙin kuɗi, amma tana saukowa ƙasa, ita ce take fara noman yashi duk lokacin da ka fito daga rafi, kuma ba ta kare kusurwar bodi daga komai.

Ta mai walda ce mutane suka fi tambaya a kai. Muna da gwanaye a garin nan, ƙofofi da tagogin da suke bugawa sun isa shaida. Matsalar ita ce ba wanda ya gwada ƙarfen da nauyi ya ce ga iyakarsa, kuma hanyar da ta fi musu sauri ita ce su narka shi a jikin shasi. Zafin walda yana sauya ƙarfen da ke gefen ɗinkin. Shasi kuwa ba a sandare yake ba, yana murɗawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami. Daga bakin waldar tsagewa take farawa, siririya, ƙarƙashin fenti da laka, ba za ka gan ta ba sai ta yi nisa. Bamba ana sayen wata. Shasi idan ya tsage, darajar motar gaba ɗaya ta faɗi.

To, me ya sa na nace wa wadda na zaɓa? Na farko, nauyin da kake ja ba ya rataya a wuri ɗaya. Tana da faranti biyu masu kauri da suke rungumar ƙafafun shasi hagu da dama, kowane da kusoshi da yawa, don haka fizgar da tirela take yi idan ka taka birki ko ka tashi tana rarrabuwa. Na biyu, tana zama sama, daf da bodi. Bakin maƙalar a cikin bambar yake, ba a ƙarƙashinta ba, shi ya sa motar take fita daga gangara ba tare da ta ja gindi ba. Wanda ya taɓa shiga fadamar Rima bayan ruwan Agusta ya san amfanin ko da yatsa huɗu ne na ƙarin tsayi. Da yawansu kuma suna da fukafukai da ke zagayowa gefe su kare kusurwar bodi da wutar danja, wurin da kututturen itace da amalanken shanu suka fi yi wa ɓarna.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne bakin nan mai kusurwa huɗu, mai faɗin milimita 50. Sakata ɗaya ce take riƙe abin da ka zura. Yau ka sa ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen da bakin tirela yake hawa kansa, ka ɗauki ƙaramar tirela. Gobe ka zare shi ka zura ƙugiya irin ta motocin soja, wadda ta dace da janareta da tankunan da suke da zobe a baki, kuma ta fi haƙuri da hanya mai tudu da kwari. Ranar da mota ta kafe a yashi, ka zura ƙarfen ciro mota mai zobe. Ranar da ba ka jan komai, ka zare ka ajiye a bayan kujera, ba abin da zai daki ƙwabrin yaro ko gaban Keke Napep a cunkoson kasuwa. Kamfanoni irin su ARB, wanda ya fara a Ostireliya a 1975, da TJM da Ironman 4x4 duk suna yin irin wannan, kuma Hayman Reese ya daɗe da suna a maƙalar ja. Tsada kam akwai, musamman da yadda dala take, kuma sau da yawa sai an yi oda ta Legas ko Abuja an jira. Ni a wurina ta ci kuɗinta.

Ta kirki tana zuwa da ɗan farantin shaida a jikinta: lambar kayan, samfurin motar da aka yi ta dominta, iyakar nauyin da za ta ja, da iyakar nauyin da zai danna kan ƙwallon. Ka karanta shi tare da littafin motarka, domin mafi ƙanƙantar lamba ita ce hukunci. Wasu Hilux masu shan gas na 2015 zuwa yau da Land Cruiser 79 an ba su har kilo 3,500, amma fa sai tirelar tana da birkinta. Idan ba ta da birki, iyakar da aka saba bayarwa kilo 750 ce, har da nauyin tirelar kanta. Buhun siminti 15 daga Kalambaina ya riga ya cike wannan lissafin. Tanki mai lita 1,000 kuwa ruwansa kaɗai kilo 1,000 ne. Hilux mai fetur 2.7, wadda ta fi yawa a hannunmu, ba ta kai mai gas ƙarfin ja ba, bamba kuma ba ta ƙara wa inji ko birki komai. A kan ƙwallon, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar ake so ya zauna; idan ka tura kayan duk baya, tirelar za ta riƙa kaɗa wutsiya da zarar ka ɗan taka mota.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don an taɓa cuta ta a nan. An sayar mini da bamba mai ɗauke da sunan wani kamfanin waje, fenti baƙi wul, a naɗe cikin leda. Da aka zo ɗaurawa ramuka biyu suka ƙi haɗuwa da na shasi. Mai kayan ya dafa ta ya ce, "Alhaji, wanga ƙarhe da kag gani, ko giwa anka ɗaura mai ba ya motsi. Rami ɗai za a ɗan buɗa." Aka buɗa, aka ɗaura. Watarana ina dawowa daga wajen Goronyo da injin ban-ruwa a tirela, na ji wani ƙara a baya, na tsaya. Gefe ɗaya na bambar ya sauko. Kusa ɗaya ta tsinke daga wuya, kanta ba lamba ko ɗaya. Ramin da aka buɗa ya zama dogo, fentin gefensa ya ɓare, ƙarƙashinsa filar bodi ce, ƙarƙashin filar kuma tsohuwar tsatsa. Allah ya tsare, sarƙa ce ta riƙe tirelar. Da yadda hanyoyin gabashin jihar nan suke a yanzu, ba wanda yake fatan magariba ta same shi a daji saboda kusa ɗaya.

Saboda haka ni yanzu daga kusoshi nake fara ciniki. Ka juya kan kowace kusa ka duba. Ta aikin nauyi an buga mata 8.8 ko 10.9. Mai 4.6 rabin ƙarfin mai 8.8 take da shi, marar lamba kuwa kar ta kusanci motarka. Ta asali tana zuwa da jakarta ta kusoshi, noti da washa, da takardar da ke nuna yadda ake ɗaurawa da ƙarfin da za a matse kowace. Idan mai kaya ya ce jakar ta ɓata a hanya amma zai aika yaro ya sayo maka, ka tashi. Kuma ka sani su ma lambobin ana buga na jabu, shi ya sa kusar da ta zo cikin kwalin kamfani ta fi wadda aka ɗebo daga tire a bakin titi.

Jabun kansu kashi-kashi ne. Akwai wadda aka kwaikwaya sukutum aka manna mata sitika. Sitika ba shaida ba ce, kowa yana iya bugawa. Ka nemi lambar kayan, ka shiga shafin kamfanin ta wayarka a gaban mai shagon ka ga ko lambar ta wanzu, kuma ko ta motarka ce. Akwai ta gwanjo da aka ciro daga motar da ta yi hatsari, aka gasa ta da wuta aka miƙe, aka shafe da fila aka fesa fenti. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙe shi da wuta ya riga ya rasa wani abu na ƙarfinsa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka bi jikinta da shi. Inda ya ƙi kamawa sosai, fila ce mai kauri a wurin. Ka leƙa cikin bututun da tocila, don mai fenti ba ya kaiwa can: idan waje sabo ne ciki tsatsa, ka san labarin. Ka shafa ɗinkin walda da yatsa. Na kamfani a jere yake, sumul, bai yanke ba. Na jabu tsiro-tsiro ne da ƙananan ramuka. Ka duba ramukan kusoshi, su kasance zagayayyu, ba wanda aka ci da fayil. Ka ɗaga ta kai da wani, ka ji nauyinta. Sannan akwai yaudarar "duk Hilux ɗaya ce". Ba ɗaya ba ce. Shasin ta 2005 zuwa 2015 daban yake da na wadda ta biyo baya, kuma abin da aka yi wa Prado ba ya hawa Land Cruiser 79. Masu turo hoto ta WhatsApp daga kasuwar Ladipo ta Legas ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, a cikinsu akwai mutanen kirki, amma ba a cinikin biri a sama. Ka sa a ɗauko maka hoton farantin shaidar da na kan kusoshi, ko ka tura wanda ka yarda da shi ya gani da idonsa.

Ƙwallon ma ana cuta a kansa. Na Turai da Ostireliya milimita 50 ne. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka, irin su 4Runner da Tacoma, nasu na inci 2 ne, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙarami mai milimita 47.6 wanda a ido ba za ka bambance ba. Ka ɗora bakin tirela mai 50 a kan wannan ƙaramin, rami ɗaya ya isa ya tsige shi. Girman yana rubuce a saman ƙwallon. Wanda ba rubutu, a bar shi. Ka kuma lura da ma'auni: 5,000 da ka gani a kayan Amurka fam ne, kusan kilo 2,270, ba kilo 5,000 ba. Na ji mai kaya yana karanta wa mai saye shi a matsayin tan biyar.

Wani abu da nake roƙon kowa: don Allah kada a rataya igiya a ƙwallon ja don ciro motar da ta kafe. An yi shi ne don ja a hankali, ba fizga ba. Idan ya tsinke, igiyar tana harba shi da ƙarfin da zai fasa gilashi ya sami mutum, kuma an rasa rayuka ta haka a ƙasashe da dama. Ka zare shi, ka zura ƙarfen ciro mota da zobe mai sakata wanda aka buga wa nauyinsa, irin mai tan 4.75, kuma a kori 'yan kallo nesa.

Wajen ɗaurawa, ka tsaya a kan motarka. A tabbatar safaya tayar da ke ƙarƙashin Hilux tana sauka ba tare da bambar ta tare ta ba, salansa ba ta taɓa ƙarfe, lambar mota tana bayyane da fitilarta, don kada jami'an FRSC ko VIO su sami abin tsayar da kai. Idan motar tana da kyamarar baya ko na'urar da ke ƙara idan ka kusa bango, a mayar da su wurinsu. Soket ɗin wutar tirela, mai baki 7 ko 13, a ba mai wayarin da ya san sababbin motoci, domin a wasunsu yanka waya a haɗa kai tsaye yana rikita kwamfutar motar. Akwai ɗan akwatin da ake sa wa a tsakani don hana hakan. A ɗaga soket ɗin sama inda laka ba za ta cika shi ba. Sarƙar tsaro biyu, a gicciye su ƙarƙashin bakin tirelar.

Kada ka cika kuɗi sai an ɗora bambar a jikin motar, ka ga kowace kusa ta shige raminta da hannu, ba guduma, ba injin huda. Bayan tafiya ta farko da kaya, ka koma gareji a sake bin kusoshin da sufana ɗaya bayan ɗaya, sannan a maimaita a ƙarshen damina.