Landan: Ga Kuɗi a Aljihu, Babu Mai Karɓa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayata kullum wai ya Landan, yau dai ga amsarku. Ni fa ba a can nake zaune ba. Wani ɗan ƙaramin gari nake a arewacin Ingila, inda da yamma ta yi kantuna sun rufe, titi daga kai sai iska. Ranar Asabar na tashi babu aiki, zaman ɗaki ya gundure ni, kawai na saɓa jaka na nufi tashar jirgin ƙasa. Tun a wurin sayen tikiti ƙasar nan ta nuna mini ba ta son ɗan tashi-mu-je: kujera ɗaya ce, jirgi ɗaya, amma wanda ya saya tun makonni baya ya biya kaɗan, ni da na zo a ranar aka yanke ni.

Na sauka tashar King's Cross a Landan, jama'a kamar an yi ɓarinsu, kowa na sauri kamar an biyo shi. Birni ne mai mutum kusan miliyan 9, kuma za ka rantse duk a tashar suka kwana. Na gangara jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda tun 1863 ya fara aiki, yau tashoshinsa 272. A layin Victoria, lokacin cunkoso, ko minti biyu ba a yi wani jirgin ya iso, don haka ba wanda ke kokawar shiga. A matakalar nan mai tafiya da kanta kowa ya tsaya a dama, hagu an bar wa masu sauri, kuma babu ɗan sanda babu mai bulala. Mu da ko a layin da mutum biyar ne kawai sai an samu mai cewa "sauri nake yi" ya kutsa gaba, a nan wa za ka gaya wa? Kowa saurin yake yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai da la'asar ya faru. Wayata ta mutu, kuma a cikinta katin bankina yake, a cikinta taswirar gari take. Ban damu ba, tunda akwai sabuwar takardar fam 20 a aljihuna, mai hoton Sarki Charles. Na tari jar bas mai bene na miƙa wa direba. Yana bayan gilashinsa, ko takardar bai kalla ba, ya nuna mini wani ɗan faifai ruwan ɗorawa da ake ɗora kati a kai. Na yi bayani, na sake yi, ya girgiza kai. Ashe tun watan Yulin 2014 motocin bas na Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi kwata-kwata.

Ba ƙin karɓar ne ya fi ƙona mini rai ba, shirun da aka yi ne. Mutane na bayana a layi, ba wanda ya yi tsaki, ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya ce uffan. Wata dattijuwa ta ɗan karkata don in samu hanyar sauka, idonta na kan wayarta. Wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi, aƙalla na san sun gan ni. Nan take gida ya faɗo mini a rai, inda kafin ka gama bayani wani daga kujerar baya ya ce "ƙyale shi, malam, na biya masa." Sai dai kuma kada mu yaudari kanmu, motar tamu ba za ta tashi ba sai ta cika maƙil, kuma rigimar canji kaɗai ta isa ta cinye rabin tafiyar. Tasu ta ja ta wuce a kan lokacinta, ni kuma ina bakin titi riƙe da Sarkinsu a hannu.

Na shiga wani shagon shayi in huce, in roƙi caji. A jikin ƙofa an rubuta kati kawai. Na gaba ma haka. Kuma ba laifi suka yi ba, dokar ƙasar ba ta tilasta wa mai shago karɓar takardar kuɗi. Ga ƙishi, ga ƙafa ta yi nauyi, ga sunayen tituna da ba su gaya mini komai. In ka tsayar da mutum za ka yi tambaya, sai ya ce maka yi haƙuri tun kafin ka buɗe baki, ya ƙara sauri.

Wani ɗan kanti a lungu ne ya cece ni. Mai shi ya karɓi takardar ba musu, ya sayar mini da katin Oyster, wanda suka fito da shi tun 2003, ya zuba mini kuɗi a ciki, ya jona wayata a bayan teburinsa. Da katin nan ka hau bas, ka hau jirgi, kuma akwai iyakar da in kuɗin zirga-zirgarka na yini ya kai ba za a ƙara cirar maka komai ba. Wannan kam na yaba, babu ciniki, babu duba takalminka kafin a faɗa maka farashi.

Sai dai masu zaton Landan aljanna ce su shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Central da rana tsaka lokacin zafi. Babu na'urar sanyaya iska, ga ƙarar ƙarfe mai toshe kunne, an matse ka hanci a hammatar wani, kuma a haka kowa ya sunkuyar da kai kamar ana zaman makoki. Na tsaya da ƙafa ɗaya har na sauka, rigata sharkaf da gumi.