Daga Haɗeja zuwa Kano: wane mazubi ya dace da samfurin ciwon dasashi?

Duk ma'aikacin haƙori a ƙaramin asibitin karkara ya san inda gizo ke saƙa. Ka zura tsinken takarda tsakanin haƙori da dasashi, ka ɗauko samfur, amma ɗakin gwaji yana Kano, kai kuma kana bayan Haɗeja ko Gumel. Ƙwayoyin cutar da ake nema, irin su Porphyromonas gingivalis da Prevotella intermedia, ba sa shiri da iskar oksijin ko kaɗan. Suna shaƙarta suke fara mutuwa.

Kafin ka fitar da ko sisi, tambayi masu ɗakin gwajin: rainon ƙwayoyin za su yi, wato su bar su su hayayyafa a ɗakin gwaji, ko gwajin PCR? In PCR ne, ka huta, domin sinadarin gadonsu (DNA) ake dubawa, ko sun mutu ba komai. Busasshen tsinke a cikin kwalba mai tsabta da murfi ya isa. In zai daɗe a sa shi a firiza, muddin akwai sola ko janareto da za a dogara da shi.

Raino ne mai rigima, domin dole ƙwayoyin su isa da rai a cikin haɗin da zai kare su a hanya, kuma ta hanyarsa ake gane maganin da ƙwayar ke ji.

Wanda aka fi samu a kantunan kayan asibiti shi ne tsinken auduga mai haɗin Amies, musamman mai gawayi. Yana da araha, amma ba don waɗannan ragwayen ƙwayoyi aka yi shi takanas ba, kan audugar kuma ya yi wa aljihun da ke tsakanin haƙori da dasashi girma. Ni ba na ba da shawararsa sai in babu yadda za a yi.

Ruwan RTF, wanda masu bincike Syed da Loesche suka fitar a 1972, ba ya ciyar da ƙwayoyi, saboda haka ba sa hayayyafa a hanya, lissafinsu ba ya rikicewa. Sai dai ba shi da dogon numfashi. Ya dace da wanda zai ɗauka da safe, ya miƙa kafin la'asar. Shi kuwa haɗin VMGA III mai kauri ne kamar koko, iska ba ta ratsa shi da sauƙi, yana iya riƙe su kwana ɗaya zuwa biyu. In motar haya za ka ba saƙo, wadda sai ta cika take tashi, wannan za ka nema. Matsalarsa samu: galibi ɗakin gwaji ne ke haɗa shi, don haka roƙe su su aiko maka. Akwai kuma kwalaben Port-A-Cul da ake sayarwa a haɗe, da tsada dai, amma launinsu kan koma ruwan hoda in iska ta shiga. Wanda ya riga ya sauya kada ka karɓa.

Sai batun kula, wato akwatin ƙanƙara. Mun saba da ƙanƙara saboda allurar rigakafi, amma samfurin raino ba ya son firji, domin oksijin ya fi narkewa a ruwan sanyi. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 shi ma kisa ne. Sayi ƙaramar kula, ka naɗe kwalbar a tawul nesa da ƙanƙarar, ka ja wa direba kunne kada ya ɗora ta gaban gilashi.