Mako guda a babbar bas a ƙasar Ailan: inda kuɗin ya biya, da inda ya tafi a banza

Kwana bakwai ɗin da ake rubutawa a takardar tallan irin wannan yawo, a zahiri kwana biyar ne. Ranar farko ta sauka ce: a ɗauko ka daga filin jirgin Dublin, a kai ka otal, da yamma a taru a gaisa da jagora. Ranar ƙarshe kuma ta komawa filin jirgi ce. Don haka mai niyyar biya ya raba kuɗin gida biyar, sannan ya duba ko farashin ya yi masa.

Tsarin da na bi a watan Yuni shi ne wanda yawancin kamfanoni ke sayarwa da 'yan sauye-sauye: kwana biyu a Dublin, ɗaya a Cork, biyu a Killarney, ɗaya a Galway. Bas ɗin mai kujera kusan 50 ce, direba daban, jagora daban. Kuɗin ya haɗa da otal, karin kumallo kullum, abincin dare sau uku, kuɗin shiga wuraren da aka ce za a shiga, da dakon akwati ɗaya. Tikitin jirgi, biza, inshora, abincin rana da tukwicin direba da jagora duk daga aljihunka ne. Hukuncina a taƙaice: a yammacin ƙasar, inda hanya ta matse kuma motocin haya suka yi ƙaranci, bas da jagora sun ci kuɗinsu. A Dublin kuwa biyan jagora kusan asara ce.

Kafin maganar yawo akwai ta biza, domin nan ake fara tuntuɓe. Tsibirin ɗaya ne amma ƙasa biyu ce. Jamhuriyar Ailan, mai babban birni Dublin, tana amfani da yuro, kuma ba ta cikin yankin Shengen, saboda haka bizar Faransa ko Jamus ba ta shigar da kai. Ailan ta Arewa, inda Belfast take, yankin Birtaniya ce, kuɗinta fam. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Ailan ta gajeren zama, wadda ake cike takardarta ta intanet, kuɗinta yuro 60 na shiga sau ɗaya, 100 na shiga sau da yawa. Wannan biza ba ta ba shi damar taka Belfast. Abin da ke ruɗin mutane shi ne babu shinge ko jami'i a kan iyakar, bas na wucewa kamar daga Zariya zuwa Kaduna, sai dai alamun hanya su koma mil maimakon kilomita. Rashin shingen bai halatta shigar ba. Yawancin jadawalin mako guda da ke ɗauke da Belfast ba sa ambaton wannan, domin Amurkawa aka rubuta wa su. In ba ka da bizar Birtaniya, zaɓi wanda ya tsaya a kudu.

Abu na biyu shi ne karanta jadawalin da idon basira. Kamfanonin nan suna da kalmomi biyu da suke wasa da su. Inda aka rubuta “visit”, za a sauka a shiga, an biya kuɗin ƙofa. Inda aka rubuta “see” ko “view”, ta taga za ka gani, in an yi maka alheri a tsaya minti goma a ɗauki hoto. Dutsen Cashel a namu jadawalin “view” ne. Wuri ne da ya kamata a ba shi awa ɗaya da rabi, tsohuwar mazaunar sarakunan Munster, lardin kudancin ƙasar, da ɗakin ibada na sarki Cormac da aka keɓe a 1134, amma daga gefen titi muka hango shi a kan tudunsa. Ba a yi mana ƙarya ba, haka aka rubuta. Ƙirga “visit” nawa ne a mako kafin ka tura kuɗin kafin alƙalami.

Dublin gari ne da ƙafa ke gamawa. Daga Kwalejin Trinity zuwa fadar Dublin tafiyar minti goma ce, amma bas mai tsawon mita 12 sai ta ci ninkin haka a cunkoso. Safiyar rana ta biyu ta tafi a zagaye ta taga, sannan aka shiga Trinity, wadda aka kafa a 1592, don ganin Littafin Kells, kwafin Linjila huɗu da sufayen Kirista suka rubuta suka ƙawata wajajen shekara ta 800. Shafi biyu kawai ake buɗewa a cikin gilashi, ga mutane a bayanka suna jira. Da yamma akwai ziyarar gidan tarihin kamfanin giyar Guinness, wadda ta ƙare da kofi ɗaya a saman bene. Wanda ba ya sha ya riga ya biya kuɗinta a cikin jimla, ba a mayarwa, sai dai a ba shi lemo.

Wannan yammacin ya fi amfani a Chester Beatty, gidan ajiyar littattafai da ke harabar fadar Dublin, kuma shiga kyauta ne. Ba ya cikin jadawalinmu, ban kuma gan shi a na kamfanonin da na gwada ba. Akwai kwafin Alƙur'ani na hannu fiye da 260 a ajiyarsu, ciki har da wanda Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira. Ba duka ake fitarwa lokaci guda ba, ana juya su saboda haske na cin tawada, shi ya sa ɗakin yake da duhu-duhu. Wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara ya san abin da ake nufi da layi ya fita daidai ba gargada, zai daɗe a gaban gilashin nan. Gidan yarin Kilmainham, inda aka harbe jagororin boren neman 'yanci daga Birtaniya na 1916, shi ma ba ya cikin jadawali, kuma tikitinsa kwana 28 kafin ranar ake saki, ya ƙare da wuri. In kana so, saya tun kana gida.

Rana ta uku doguwa ce, kusan kilomita 280 daga Dublin zuwa Cork ta Kilkenny. Fadar Kilkenny ta yi kyau, iyalan Butler ne suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru kafin a miƙa ta ga mutanen gari a kan fam 50 a 1967. Awa biyu aka bayar, har da cin abinci, sun isa da ƙyar.

Washegari aka fara da Cobh, tashar da jirgin ruwan Titanic ya tsaya ta ƙarshe a 11 ga Afrilu 1912 ya ɗauki mutum 123, sannan fadar Blarney. A nan lissafin kamfanin ya karkace. An ba da awa biyu, alhali a lokacin zafi layin hawa sama don sumbatar dutsen da ake cewa yana ba da fasahar magana yana iya wuce awa ɗaya, a matsatsiyar matakala mai murɗewa, taki sama da ɗari, ba wurin juyawa in ka fasa. A can sama kwanciya ake yi rigingine, a riƙe ƙarfe biyu, a sunkuyar da kai baya a kan rami, wani ma'aikaci na riƙe da kai. Mai ciwon gwiwa ko jiri ya haƙura. Lambunan da ke kewaye da fadar sun fi dutsen daraja, kuma ba layi.

Ranar zagayen Kerry ita ce ta biya kuɗin makon. Hanya ce mai kilomita 179 da ke kewaye wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin tekun Atlantika, a tashi Killarney a dawo Killarney. Duk manyan bas hanya ɗaya suke bi, ta Killorglin, Cahersiveen, Waterville, Sneem, su dawo ta Moll's Gap, domin akwai kwanonin da bas biyu ba za su iya gifta juna ba. Wannan yana da sakamako biyu. Na farko, teku tana hannun dama kusan duk yini, wato ɓangaren direba, tun da a can hagu ake tuƙi. Kamfanoni na juya kujeru kullum don kowa ya ɗanɗani gaba, don haka tun daren jiya ka lissafa inda juyin zai kai ka, in ya kama ka roƙi musaya. Na biyu, kowace bas na isa wuri ɗaya a lokaci ɗaya, sai ka tarar da mutum ɗari biyu a layin abinci guda. Jagoranmu ta sa aka tashi ƙarfe 8:15 maimakon 9, muka riƙa barin kowane zango daidai lokacin da sauran ke shigowa. Irin wannan sanin hanya shi ake biya, ba ya cikin taswira.

A gefen wani tudu kafin Cahersiveen aka tsaya kallon makiyayi da karnukansa biyu. Yana tsaye wuri ɗaya da ƙaramin usur a baki, kowane kare da irin busar da ya sani. Tumakin na can sama kamar farin tsakuwa. Busa ɗaya, kare ya zagaya ta hagu ya kwanta; wata busar, ɗayan ya taso su ta dama, cikin 'yan mintoci garken ya gangaro har gabanmu, sannan ya sa aka ware guda biyu daga ciki. Kowace tunkiya da shafin fenti shuɗi ko ja a gadon baya, shaidar mai ita, domin tudun na kiwon gayya ne. Wannan na cikin abubuwan da ake biya daban, da tsabar kuɗi, saboda haka a riƙe 'yan yuro a aljihu ko da kati na aiki kusan ko'ina.

A wannan hanya kuma ake ganin kangayen gidajen dutse marasa rufi. Jagora mai ilimi za ta haɗa maka su da yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta ruɓar da dankali a gona: kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura, daga al'ummar da ta haura miliyan 8 a ƙidayar 1841. Mai tuƙa kansa zai wuce su yana zaton tsofaffin garke ne. Daga Sneem zuwa Killarney hanyar lanƙwasa ce zalla, mai amai a mota ya sha magani rabin awa kafin tashi, ya kuma guji kujerun baya.

Rana ta shida aka haye kogin Shannon a jirgin fito daga Tarbert zuwa Killimer, minti 20, bas da mutanenta duka a ciki, sannan tsaunukan Moher, gaɓar dutse da ta miƙe mita 214 daga teku a inda ta fi tsayi. Minti 90 ake bayarwa. Daga cibiyar baƙi ka yi dama zuwa hasumiyar O'Brien ta 1835, daga nan ne ake ganin jerin tsaunukan a gefe, da tsibiran Aran in gari ya washe. In hazo ya sauko ba abin da za ka gani sai fari, kuma bas ba ta jira, domin doka ta ƙayyade wa direba awa 9 na tuƙi a yini, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Wannan shi ne babban raunin yawon rukuni a ƙasar da yanayinta ke juyawa sau uku kafin azahar. Lema ba ta da amfani a nan, iska ke juya ta. Rigar ruwa mai hula, rigar sanyi a ƙarƙashi, da takalmin da ba ya santsi. Ko a Yuni zafin rana da wuya ya wuce digiri 20.

Galway aka cuta. Mun isa wajen ƙarfe shida na yamma, kantuna na rufewa, da safe ƙarfe takwas aka kama hanyar Dublin, kilomita 210. Garin da ya fi kowane rai a yamma, ga yankin duwatsu da tafkuna na Connemara a bayansa, dare ɗaya aka ba shi. Zangon dare ɗaya yana nufin akwati a ƙofar ɗaki ƙarfe bakwai, karin kumallo a gurguje, ba wanki, ba yawo. Jadawalin da zangonsa na dare ɗaya ya wuce biyu a mako, gudu ne kawai.

Abinci na buƙatar tambaya a kowane zama. Karin kumallon ƙasar cike yake da naman alade, kuma baƙin abin nan mai zagaye da suke kira “black pudding” da jini ake yin sa. Ƙwai, wake, tumatir, kunun hatsin “oats” da burodinsu mai ruwan ƙasa sun wadatar. Kifi shi ne mafita, amma miyar kifin da ake kira “chowder” wani lokaci ana yanka naman alade a ciki, ƙullun soya kifi akan dama shi da giya, farfesun naman sa ma haka. Rubuta wa kamfani tun lokacin rajista cewa kifi ko ganye kake ci, domin abincin daren rukuni tun da rana ake ƙirga shi. Na rana ya kama tsakanin yuro 15 zuwa 20. Ruwan famfo ana sha, a cika gora a otal.

Lokutan salla a Yuni sun sha bamban da na gida duk da agogon ɗaya ne da na Najeriya da Nijar a watannin zafi. Azahar sai wajen ɗaya da rabi, rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, wajen biyar na asuba ta fito. Mai haɗa salla a tafiya zai iske an isa otal da sauran rana sosai. Alƙibla kudu maso gabas ce. Banɗakunan hanya takarda ce kawai, ƙaramar gora a jaka ta zama dole. In Juma'a ta same ka a Dublin akwai masallaci a titin South Circular. In ta faɗo ranar Kerry, ba dama. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, caja na shiga ba adafta.

Da zan sake tsarawa, zan iso Dublin kwana biyu kafin rukunin in yi garin da ƙafa, in nemi yawon da ke da dare biyu a Killarney da biyu a Galway, ko kuma in sauka a Galway in bar bas ta tafi. Daga can jirgin ƙasa na kai wa tashar Heuston ta Dublin cikin kusan awa biyu da rabi, akwai kuma bas da ke zuwa filin jirgi kai tsaye. Sai dai a faɗa wa kamfani tun farko, kuma takardar otal ɗin ƙarin kwanakin ta shiga cikin takardun neman biza.