Dasashi na jini: buroshi, asuwaki ko wankin haƙori, ina ya kamata kuɗinka ya tafi?

Idan ka tofar da kumfar man goge baki ka ga ja-ja a ciki, galibi dasashi ne ya kumbura. Wani datti mai yauƙi da ƙwayoyin cuta ke tarawa a gindin haƙori shi ke jawo haka. In an bar shi, sai ya daskare ya zama kamar dutse, kuma daga nan babu buroshin da zai ɓamɓare shi. A matakin farko dasashi na warkewa sarai. In abin ya yi nisa, cutar kan ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, nama ya ja baya, baki ya riƙa wari, haƙori ya fara girgiɗi, ƙashin da ya tafi kuwa da wuya ya dawo.

A shagunan Agege da Mile 12 a Legas za ka ga mutanenmu na neman buroshi mai tauri, musamman masu cin goro, wai shi ke fitar da ja. Kada ka saya. Mai tauri na kankare dasashi har saiwar haƙori ta fito, ruwan sanyi ya zame maka azaba. Ɗauki mai laushi, mai ƙaramin kai da zai kai ga turame, ka canza shi duk wata 3. Sau 2 a rana, minti 2 kowane karo, bakin buroshin na shafar inda haƙori ya haɗu da nama. Mai aiki da batir na taimaka wa tsoho ko mai ciwon hannu, amma ga sauran mutane ba dole ba ne.

Asuwaki fa? Sunna ce, kuma yana aiki. Na itacen araki da ake sayarwa a ƙofar masallaci, ko reshen darbejiya, ko pako na Yarbawa, duk suna cire datti idan kan ya yi laushi kuma ana yanke shi a kai a kai. Inda ya gaza shi ne bayan haƙora ta ciki da can ƙuryar turame, sannan ba ya ba da kariyar man goge baki daga ruɓewa. A ganina a riƙe asuwaki da rana lokutan salla, buroshi kuma safe da dare.

Wajen man goge baki, duba abu 3 a jikin kwali: fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, tsakanin 1,350 da 1,500 ppm (ma'aunin yawansa) ga babba, lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Irin su Parodontax da aka yi don dasashi sun fi tsada, suna ɗan taimakawa, amma Oral-B ko Colgate na yau da kullum ya wadatar idan hannu ya iya gogewa. Gawayi da toka da garin da ake talla cikin danfo, motocin haya na Legas, kuwa, cinye fatar haƙori suke yi.

Cutar ta fi farawa a tsakanin haƙora, inda buroshi ba ya shiga. Tsinken sakace na fitar da tsire, amma yana soke nama. Zaren sakace da ake samu a manyan kemis ya fi shi nesa ba kusa ba, mai wushirya ko faɗin tsakani kuma ya nemi ɗan siririn buroshin da ake zurawa a wurin. Kwanakin farko za ka ga jini. Ci gaba a hankali, yakan ragu cikin mako 1 ko 2.

Ruwan kurkure baki irin Corsodyl magani ne na ɗan lokaci. In aka daɗe ana amfani da shi yana rina haƙora, balle ga mai shan shayi da cin goro. Wasu nau'ukan na ɗauke da sinadarin barasa, sai a karanta jikin kwalba. Rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwan ɗumi na kwantar da kumburi. Flagyl, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saye ba tare da ganin likita ba, yana lafar da ciwo ne kawai, dattin na nan daram.

Wanda datti ya riga ya daskare masa, kuɗinsa wankin haƙori ya kamata ya tafi, wato kankare dattin da ake yi a asibiti. Sashen haƙori na asibitocin koyarwa na gwamnati, wato LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, sun fi asibitin kuɗi sauƙi, sai dai akwai yankar kati da layi, don haka a yi sammako. Asibitocin kuɗi na Ikeja da Surulere kan ba ka lokaci, kuɗin ya fi yawa. Ko ina ka je, tambaya tun farko ko farashin ya haɗa da dubawa da hoton haƙori, da kuma ko za a buƙaci wankin da ke shiga ƙarƙashin dasashi. Masu cewa wanki na buɗe tsakanin haƙora sun yi kuskure: giɓin cutar ce ta yi shi, dattin ne ya ɓoye shi. Ka guji masu cire haƙori a bakin titi, don kayan da ba a dafa ba na iya ɗaukar ciwon hanta.

Mai ciwon suga, mai juna biyu, da mai shan taba su fi kowa gaggawa. Taba na hana dasashi jini ko da cutar ta yi nisa, saboda haka mai shanta ya je a duba shi ko bai ga komai ba.