Gargaɗi ga masu neman kayan sauti a Sakkwato: hattara da masu "rarar kwangila"

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato da kewaye. Na kwana uku ina shawara da zuciyata kafin in rubuta wannan, domin babu daɗi mutum ya fito ya ce an cuce shi. Amma jiya wani maƙwabcina a Mabera ya ba ni labarin wasu da suka tare shi da irin maganar da aka tare ni da ita, ko kalma ɗaya ba ta canza ba. Nan na ga cewa in na yi shiru, macutan nan nake taimaka wa.

Na daɗe ina tara kuɗi don in haɗa kayan sauti a falona. Ba irin na gidan biki ba, na zama a saurara cikin natsuwa: amfilifaya ɗaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da sifika biyu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini kaset-kaset na kiɗan kotso da taushi, kuma bayan asuba ina son karatun Alƙur'ani ya fito tas, ana jin kowane harafi. Burina ke nan.

Ranar da abin ya faru ina gidan mai, sai wata farar bas ta tsaya kusa da ni. Wani saurayi tsaf-tsaf ya fito ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, kwangila muka gama ta sa kayan sauti a wani otal. An turo mana da rara daga Legas, maigidana ya ce in sayar ko nawa ne kafin mu juya." Ya nuna mini takarda mai hoton kayan da farashin sama da naira miliyan ɗaya. Ya kunna wani saiti a cikin motar, kuma wallahi sautin ya yi daɗi. Muka yi ciniki a 380,000. Da na ce a sauke mini wanda na ji, sai ya ce, "Haba Alhaji, wanga ai na gwaji ne, ya sha hannu. Ga sabo dal cikin kwali." Na tura kuɗin a wani asusu da sunan da ke kansa ba shi ne wanda ya faɗa mini ba. Ya ce na maigidansa ne.

A gida na jona. Sauti siriri, ba kauri, kamar daga cikin gwangwani. Ba a yi minti ashirin ba na ji ƙauri, komai ya ɗauke. Lambarsa kuwa tun daren a kashe take.

Washegari na kai kayan wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da na sani tun ina yaro. Ya ɗaga akwatin sifikar ya ji nauyinsa, ya kwance bayansa, ya ce, "Zo ka gani, ɗana." Dunƙulen siminti ne aka manna a ƙasan akwatin don ya yi nauyi. A fuskar akwatin ana ganin sifika uku, amma ɗaya kaɗai aka ja wa waya, sauran biyun ado ne. Mayen ƙarfen da ke bayan wadda ke aikin bai kai murfin kwalba girma ba. Amfilifayar kuma babban gida ne babu kowa a ciki, sai wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba. Daga baya na fahimci cewa a Amurka da Turai an daɗe da sanin wannan dabara, har suna kiranta damfarar farar mota. Yanzu ta iso mana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shaidar ƙaryar tana rubuce a jikin kayan, da na san inda zan duba. A kan kwali an buga 5000W PMPO da manyan haruffa. Dattijon ya juya bayan amfilifayar ya nuna mini ƙaramin rubutun da ke kusa da wayar wuta: wat 45 take ci. Ya ce, "Wanda ya ci mudu ɗaya ina zai amayo buhu?" Na'ura ba ta fitar da ƙarfin da ya wuce wanda ta ja daga soket. PMPO lamba ce ta talla, babu wata ƙa'ida ɗaya da ake auna ta da ita, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Lambar da ake dogara da ita ita ce RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa tana aiki ba tsayawa. Kuma falo irin namu bai buƙatar dubbai. Amfilifaya ta gaskiya mai wat 40 zuwa 60 RMS a kowane ɓangare, hagu da dama, ta ishe ka har maƙwabta su ji.

Sai maganar dacewa, wadda ita ce asalin haɗa kayan sauti, kuma ita ce macuci ba ya son ka tambaya. Kowace sifika tana da lambar om a bayanta, wato ma'aunin yadda take tare wutar da amfilifaya ke tura mata, galibi 4 ko 6 ko 8. Kowace amfilifaya ma tana rubuta abin da za ta iya ɗauka kusa da inda ake ɗaura waya. Idan an rubuta 8 zuwa 16 ka ɗaura mata sifika mai om 4, ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, za ta riƙa zafi har ta kashe kanta ko ta ƙone. Balle a nan, inda zafin Maris da Afrilu ke haura 40 a ma'auni. Haka in ka haɗa sifika biyu masu om 8 a mahaɗin waya guda na amfilifaya, sun koma 4 ke nan. Mai gyara zai iya tabbatar maka da mita cikin minti ɗaya: sifika mai om 8 takan nuna wajen 6 zuwa 7, wannan daidai ne. Akwai kuma lambar dB, wadda ke nuna yadda sifika ke saurin amsawa. Mai 90 tana ba da ƙarar da mai 87 ba za ta bayar ba sai an ninka mata wat sau biyu. Wani abin da mutane ba su cika sani ba: ƙaramar amfilifaya da aka murɗa har ƙarshe ta fi saurin ƙona ƙananan sifikun siririn sauti fiye da babba da ake tafiya da ita a hankali, domin in ta gaza sai ta fara fitar da gurɓataccen sauti.

Ba ina cewa a guji kayan hannu ba. Tsohuwar Yamaha ko Pioneer ko Denon ko Marantz mai lafiya ta fi sabon kwalin da ba a san asalinsa ba nesa ba kusa ba. Sai dai a duba wutar da take ci. Tamu 230V ce, ta Japan 100V, ta Amurka 120V. Wanda ya jona kayan da aka yi don wutar Japan kai tsaye a soket ɗinmu ya ƙona shi nan take, dole sai da tiransifoma mai rage wuta. A kuma sa sitabilaiza, kowa ya san yadda wutarmu ke hawa da sauka. A bar wa amfilifaya sarari a samanta ta sha iska, a rufe ta da ƙyalle lokacin hazo in ba a amfani da ita.

Wurin saye kuwa, a nemi mai shago, wanda in ka koma gobe za ka tarar da shi zaune. Ka tafi da mai gyaran da ka yarda da shi, ka biya shi kuɗin ɓata lokacinsa. Ka tafi da abin da ka saba ji, muryar mai karatu ko kiɗan da ka san kowane bugunsa, a kunna a bar shi ya yi rabin awa, ka taɓa amfilifayar ka ji zafinta. Ka sa kunne a kan kowace sifika ka tabbatar tana magana. Ka buga lambar samfurin a intanet: kayan manyan kamfanoni littafin bayaninsu yana nan, in babu alamar lambar ko'ina, ka ajiye. Wanda aka gwada a gabanka shi za ka ɗauka, kada ka yarda a shiga da shi ciki da sunan sa shi a kwali. A rubuta lambar jikinsa a rasit. Kuma sunan asusun da za ka tura kuɗi ya zama na shagon ko na mutumin da ke tsaye gabanka.

Akwai 'yan'uwansu da ke aiki ta waya. Su sa bidiyon kaya masu kyau, su ce suna kasuwar Alaba a Legas, ka tura rabin kuɗi da kuɗin mota, kaya zai iso tasha jibi. Wanda ba ka taɓa ciniki da shi ba, kuma ba ka da wani naka a can da zai je ya gani da idonsa, kada ka tura masa ko sisi.

Na kai ƙorafi ofishin 'yan sanda, na kuma sanar da bankina da shaidar tura kuɗin. Duk wanda aka yi wa irin wannan, don Allah kada kunya ta hana shi zuwa, ya tafi da shaidarsa da kwalayen. Su biyu ne a motar, ɗaya na magana ɗaya na riƙe da sitiyari bai kashe inji ba. Maƙwabcina ya ce da ya nemi su bi shi wurin mai gyara a buɗe kwali ɗaya, sai suka ce ana jiran su a Gusau, suka ja mota.