Kebul mita 12 da kebul mita 80: me ya sa gajeren ya faɗi gwaji?

Wani ɗan'uwa daga Marwa ya kawo tambaya jiya a zauren nan. Ya ja kebul na Cat6, wato kebul ɗin haɗa kwamfutoci, guda biyu a wani ofis, ɗaya mita 12, ɗaya mita 80, daga kwali ɗaya, kawunan da ake sokawa a soket ma shi ya matse su da hannunsa. Da ya ɗora na'urar gwaji, dogon ya haye, gajeren ya faɗi a ritan-los. Shi ne yake cewa, ashe tsawo gyara sigina yake yi?

Malam, tsawon nan rufa maka asiri kawai ya yi.

Ritan-los ma'aunin amsa-kuwwar sigina ne a cikin kebul. An ƙera kebul ɗin a kan impidans, wato turjiyar da sigina ke gamuwa da ita a waya, na om 100, kuma duk inda wannan ya sauya, a kai ne ko a soket ko inda aka lanƙwasa shi da ƙarfi, wani ɓangare na siginar sai ya juyo baya. Lambar ritan-los kuwa, da ake aunawa da desibel (dB), girmanta ake so: dB 20 na nufin kashi 1 cikin 100 na ƙarfin ne ya dawo, dB 10 kuma kashi 10.

To ga inda su biyun suka rabu. Amsa-kuwwar da ta taso daga can ƙarshe sau biyu take biyan kuɗin hanya, zuwa da dawowa. Cat6 yana cin kusan dB 33 na ƙarfin sigina a mita 100 idan saurin kaɗawarta ya kai megahaz (MHz) 250. Na mita 12 ke nan yana cin wajen dB 4, zuwa da dawowa 8, don haka aibin kan da ke can ƙarshe yana isowa na'urar da sauran ƙarfinsa. Na mita 80 yana cin wajen 26, zuwa da dawowa sama da 50. Ko da ka yi wa wancan kan matsar ganin dama, kafin amsarsa ta iso ta mutu a hanya. Wanda ya taɓa yin ihu a gindin duwatsun Mandara ya san wannan: na kusa ne ke mayar maka da murya.

Akwai kuma abin da ya fi damun gajeren. Kawunansa biyu suna kusa da juna, sai siginar ta riƙa kai da kawo a tsakaninsu kafin ta lafa. Dubi zanen da ke fuskar na'urar. A mita 12 za ka ga tudu da kwari manya, tazararsu kusan MHz 9. A mita 80 ƙanana ne, a cushe, tazarar ba ta fi MHz ɗaya da 'yan kai ba. Daga tazarar nan kaɗai gwani kan ƙiyasta nisan inda matsalar take.

Kada dai a ɗauka dogon ya tsira. Shi ciwonsa asarar hanya ce, siginar kanta ke isa a galabaice. Iyakar mita 100 ɗin nan a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius aka lissafa ta, kuma asarar tana ƙaruwa da zafi. Mu da muke bi da kebul ta ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Garwa ko Kusiri, ni dai ba na yarda in kai iyakar. Sannan kan da ke kusa da na'urar gwaji tsawo ba ya ɓoye shi ko kaɗan, shi ya sa ake aunawa daga ɓangarorin biyu.

Haka abin yake a babban allon da ke cikin kwamfuta, a layukan PCIe da ke haɗa sassanta: gajeren layi amsa-kuwwa ke wahalar da shi, dogo kuma asara.

Idan ka tambaye ni, gajeren ne ya gaya maka gaskiyar aikin hannunka. Yanke kawunan mita 12 ɗin ka sake matsewa, kada ka warware murɗin wayoyin fiye da milimita 13, ka kwance ɗaurin da ya shaƙe kebul ɗin. In ya haye, ka koma kan dogon ka yi masa haka shi ma, tunda hannu ɗaya ne ya matse su.